Tausa ga mai ciwon da ya daɗe

Ciwon da ya haura wata 3 ba a tunkararsa da ƙarfi. Jikin mai shi ya riga ya zama mai saurin jin zafi, in ka danna da yawa naman sai ya ƙara ɗaurewa, gobe ya tashi ya fi jiya ciwo.

Fara da tambaya: ina ne, tun yaushe, wane magani yake sha? Mai shan maganin tsinka jini a sassauta masa hannu, jini na saurin kwanta masa. Shafa mai, ka ɗumama wurin da tafin hannu minti 5, sannan ka danne ƙullin, wato inda naman ya ɗaure ya yi tauri, daƙiƙa 30 zuwa 60, kana tambayarsa zafin daga 1 zuwa 10. Kada ya wuce 6.

Sharaɓar da ta kumbura tana zafi kuwa, kada ka taɓa. Wataƙila gudan jini ne, a tafi asibiti.