Yadda Goro Ya Kusa Ɓata Mini Bincike

Lokacin da nake digiri na biyu, aikina shi ne auna saurin bugun jini a cikin jijiya. Duk sanda zuciya ta harba jini, bugun yakan bi bangon jijiya. Idan jijiyar na da laushi sai ta shanye shi, ya tafi a hankali; idan ta ƙage, sai ya wuce fit. Na'ura tana kama bugun a wuya da kuma saman cinya, ni kuma in auna tazarar wurare biyun da tef irin na tela, in ninka da 0.8, sannan a raba da ratar lokacin da ke tsakanin isowar bugun wuya da isowarsa cinya.

Alƙaluman da muke dubawa daga Turai suka fito a 2010: matashi ɗan ƙasa da shekara 30 kusan mita 6 a sakan, wanda ya haura 70 kusan mita 11. Abin da ya wuce mita 10 ana ɗaukarsa alamar jijiya ta yi tauri. Da na ga haka sai na ɗauka shekaru ne kawai ke magana.

Wani dattijo ya gyara mini tunani. Ranar farko awonsa ya yi sama, hawan jininsa ma haka. Na tambaye shi ko ya sha shayi ko kofi, ya ce a'a. Yana miƙewa sai na hango jan goro a haƙoransa. Na ce, "Baba, goro fa?" Ya ce, "Ɗana, goro ai ba abinci ba ne." To, goro na ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, yana ɗaga hawan jini na ɗan lokaci, jijiyar da jini ya cika ta tam kuwa tana ƙara tauri ko da lafiyarta lau. Ya dawo da safe bai ci ba, na kwantar da shi minti 10, awon ya sauka. Tun ranar ba na rubuta saurin bugu sai da awon hawan jini a gefensa, kuma goro ya shiga jerin abin da ake bari awa uku kafin a zo.

Masu tumbi ma sun ba ni wahala: tef ya bi tudun ciki, tazarar ta ƙaru, lissafi ya karkace. Sai na koma riƙe shi a miƙe a sama.

Mata kuwa, saboda saman cinya, abokiyar aikina ce ke auna su, ni in tsaya bayan labule ina jiran lamba.