Saƙon Godiya Bayan Bikin Kirsimeti a Gidanmu na Wusasa

A madadin Inna da dukan iyalin gidanmu da ke Wusasa, kusa da Zariya, ina miƙa godiya ga Allah wanda ya kai mu ranar 25 ga Disamba lafiya, sannan ga 'yan'uwa da maƙwabta waɗanda suka ɗauki wahalar girkin bana tamkar nasu.

Tun lokacin girbi Inna ta tara mu ta bayyana burinta. Ta ce tana so jikokinta da suka tashi a Abuja da Legas su ci abincin Kirsimeti irin wanda ta ci tana yarinya, wato wanda babu tumatirin gwangwani a cikinsa, babu dunƙule, babu shinkafar waje, babu man da aka sayo a galan. Wasu daga cikinmu sun ji tsoron yawan aikin saboda shekarunta, amma ta ce idan ba a yi ba tana da sauran ƙarfin nunawa, to babu wanda zai nuna. Gishiri da kanwa da kayan ƙamshi, irin su citta da kanumfari da masoro, su kaɗai muka sayo a kasuwa.

Godiya ta farko ta Kawu ce, wanda ya aiko mana da buhun shanshera da gyaɗa da gero daga gonarsa. Matan yayyena su ne suka jiƙa shinkafar, suka turara ta, suka shanya, sannan suka surfe ta a turmi suna bakacewa da faifai har ta fita tsaf. Sun yi kwana huɗu a kan wannan aiki cikin sanyin hunturu, hannuwansu duk sun yi kanta, kuma ban ji ɗayarsu ta yi ƙorafi ba. Su ne kuma suka soya gyaɗar, suka murje ta, suka matse man da aka yi dukan suya da shi, tunkuzar kuwa aka yi wa yara ƙuli-ƙuli.

Daddawa ce ta fi ba mu wahala, kuma a nan ne nake so in daɗe a kan godiya. Mun dafa kalwa tun daga asuba har dare, muka surfe ɓawonta da toka, muka wanke, muka sake dafawa, muka rufe ta a ƙwarya. Da aka buɗe bayan kwana uku sai muka tarar ba ta ruɓa yadda ake so ba, domin sanyi ya yi mata yawa a ɗakin da muka ajiye ta, alhali daddawa ɗumi take buƙata. Ran Inna ya ɓaci ƙwarai, don ta san miyar ba za ta yi armashi ba idan babu ita. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Musulma da muke kira Goggo tun muna ƙanana, ta ji labari ta shigo da kanta. Ta sa hannu ta murza ƙwayar, ta sunsuna, sannan ta ce, "Yaya, kada ki damu, a kawo wata kalwar mu sake." Ita ta shimfiɗa ganye a kwando, ta zuba kalwar da zafinta, ta lulluɓe da buhuna, ta ajiye a gefen murhu inda toka ba ta hucewa. A rana ta uku warin daddawa ya cika tsakar gida, Inna kuwa ta riƙe hannun Goggo ta kasa magana. Goggo, Allah ya saka miki da alheri, ya ja kwananki.

Muna kuma godiya ga mijinta, Malam, wanda ya yanka mana taure da kaji bakwai da safiyar jajibere, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, domin maƙwabtanmu Musulmi su ci naman hankali kwance. Samarin gida su suka yi fiɗa da faskaren itace da ɗebo ruwa.

Matan zumuntar cocinmu guda biyar sun kwana tare da mu a bakin murhu. Sun niƙa tumatir da tattasai da attaruhu a kan dutse, sun fere kabewa, sun gyara alayyahu da yakuwa na miyar taushe. Ƙullin masa ya kwana ya tashi da kansa ba tare da yis ba, kuma tun kafin gari ya waye tanda biyu suna kan wuta. Kunun zaƙi ma da busasshen dankali aka zaƙaƙa shi, ba da sukari ba. Duk da haka babu wadda ta makara zuwa sujada a cocin St. Bartholomew, tsohon ginin ƙasa na 1929 inda iyayenmu suka yi baftisma.

Bayan an taso daga sujada mutum fiye da arba'in suka zauna a kan tabarmi. Na ga ƙaramar jikar Inna, wadda a da ba ta yarda da miyar da ta ji warin daddawa, ta miƙo kwanonta sau biyu tana neman ƙari, Inna kuma tana zuba mata da kanta.

Muna neman afuwar gidajen da kwanonmu bai isa gare su da wuri ba, domin masar ta ƙare sai da aka sake toyawa da yamma. Waɗanda suka ara mana turame da manyan tukwane da tanda, mun wanke su, kuma yara za su mayar wa kowa nasa kafin sabuwar shekara. Inna ta keɓe wa kowace daga cikin matan da suka taya mu aiki kason daddawa da kwalbar man gyaɗa, ta kuma roƙi kowace ta zo ta karɓa da hannunta domin tana so ta yi mata godiya baki da baki.