Godiya bayan walimar ajiye aiki

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Ranar Asabar abokan aiki da ɗalibaina suka shirya mini walimar ajiye aiki a nan Jos, kuma har yanzu saƙonni na shigowa. Wanda ban samu amsa masa ba ya yi mini afuwa, wannan godiyar tasa ce.

Na gode wa shugabannina, da matasan cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Laminga, waɗanda suka zo da yawansu. Uwargida kuwa, da ta riƙe gida da yara duk daminar da na yi a daji, Allah kaɗai zai biya ta.

Amma da na hango dattawan da suka taso tun asuba daga ƙauyukan gefen gandun dajin Yankari, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, sai da idona ya cika. A wurinsu na koyi aikin nan na nazarin giwaye da zamansu da mutane. Ina sabon shiga, giwaye nake ƙirgawa. Da rani suna taruwa a bakin kogin Gaji, damina na sauka su bazu har gonakin mutane. Wata safiya wani tsoho, Allah ya ji ƙansa, ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Dawa ta nuna, saura kwanaki a yanke. Kara duk a kwance, sawun giwa kamar faifai a cikin laka, ga gwangwanin da ya kwana yana bugawa a yashe. Ya kira ni ɗana, ya tambaye ni me iyalinsa za su ci kafin baɗi. Ban da amsa. Tun daga ranar na koma zama a kan tabarma da manoma, mafarauta da Fulani makiyaya, ina tambaya ina rubutawa.

An keɓe Yankari a 1956, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A takarda sauyin hannu ne kawai, amma ga mutumin ƙauye tambayar ita ce wa zai kai wa kuka idan giwa ta shiga gonarsa. Abin da na gani cikin shekarun nan, manomin da aka zo aka jajanta masa aka auna ɓarnarsa, shi ne ke sanar da ma'aikatan gandun daji idan ya ga baƙin mafarauta. Wanda aka bari da takaicinsa kuwa shiru zai yi, kuma ban ga laifinsa ba. Giwayen Yankari na cikin garkunan ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma waɗannan bayin Allah ne ke ɗauke da nauyin maƙwabtaka da su.

Na gode wa matan da suka shayar da ni fura ba su san ni ba, da masu unguwannin da suka ba ni masauki, da ma'aikatan da ke kwana a daji suna sintiri. Waɗanda suka rasu a bakin aiki, Allah ya gafarta musu, ya raya abin da suka bari.

Ɗalibai, littattafan hirarrakin nan suna wurina, ƙofata a buɗe take. Baba da tawagarka ta dattawan gefen Yankari, na ji kun isa gida kafin magariba. Allah ya saka da alheri, ya ba mu damina mai albarka.