Motocin tasi marasa direba da 'yan kwana-kwanan San Francisco

A ranar 10 ga watan Agustan 2023, hukumar da ke kula da motocin haya a jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba kamfanonin Waymo da Cruise izinin ɗaukar fasinja dare da rana a birnin San Francisco, da motocin da babu kowa a kujerar direba. A cikin masu adawa da wannan izini, muryar da ta fi jan hankalina ita ce ta hukumar kwana-kwana ta birnin, wadda ke da alhakin kashe gobara da kuma kai ɗauki ga marasa lafiya. Shugabarta a lokacin, Jeanine Nicholson, ta shaida wa hukumar jihar cewa ma'aikatanta sun rubuta rahoto 55 a kan yadda motocin suka kawo musu cikas a wannan shekarar kawai. Wasu motocin sun tsaya cak a bakin ƙofar tashar kwana-kwana, wasu sun kutsa inda ake fama da wuta, har ta kai a watan Janairun shekarar sai da wani ma'aikaci ya fasa gilashin gaban wata motar Cruise kafin ta daina matsowa kan mesar ruwa.

A ganina, tushen matsalar shi ne an horar da waɗannan motoci a kan bin doka sau da ƙafa, alhali wurin hatsari wuri ne da ake jingine dokar hanya domin ceton rai. Direban da ya ji jiniya a bayansa yakan hau gefen titi, ko ya ɗan ƙetare jar danja, ko ya bi hannun da ba nasa ba idan ɗan sanda ya nuna masa, kuma duk wannan yana faruwa ne ta hanyar haɗa ido da ɗaga hannu da tsawa. Motar da ke tuƙa kanta tana iya jin jiniya, tana kuma ganin fitilar motar asibiti, amma idan lamari ya rikice mata, abin da ta fi yi shi ne ta tsaya inda take, ta jira wani ma'aikacin kamfani da ke zaune a ofis mai nisa ya fitar da ita. Tsayawar tana kare fasinjan da ke cikinta, sai dai wanda ke zubar da jini a motar da ke bayanta shi ke biyan kuɗin wannan taka-tsantsan.

Abin da ya karya Cruise ya faru ne a daren 2 ga watan Oktoban 2023. Wata mota da mutum ke tuƙawa ta kaɗe wata mata, ta wurga ta gaban motar Cruise, direban kuma ya tsere. Motar Cruise ta taka birki, amma ta riga ta hau kan matar. Zuwa nan da wuya a ɗora mata laifi. Sai dai bayan ta tsaya, na'urarta ta ɗauka cewa daga gefe aka buge ta, saboda haka ta sake motsawa domin ta koma bakin titi kamar yadda aka tsara mata, ta ja matar a ƙarƙashinta kimanin mita shida. Sai da 'yan kwana-kwana suka ɗaga motar da kayan aikinsu kafin su ciro ta da munanan raunuka. Ko ɗan koyon tuƙi ya san cewa idan an ji mutum a ƙarƙashin mota, ba a ƙara matsawa ko taku ɗaya. Ranar 24 ga watan, hukumar ba da lasisin motoci ta jihar ta dakatar da izinin kamfanin, tana zarginsa da rashin bayyana mata batun jan matar tun farko, kuma a watan Disambar 2024 kamfanin General Motors, mamallakin Cruise, ya daina zuba kuɗi a harkar tasi marasa direba baki ɗaya.

Ba na cikin masu cewa a watsar da wannan fasaha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma gudun wuce sa'a da maye da duba waya a kan sitiyari, waɗanda duk halayen ɗan Adam ne, suna cikin manyan dalilai. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta kuma tsere wa wanda ta kaɗe. Waymo ta ci gaba da aiki a San Francisco da Phoenix da Los Angeles, kuma binciken da ta yi tare da kamfanin inshora na Swiss Re ya nuna cewa neman diyya a kan motocinta bai kai na direbobi mutane ba, ko da yake ya kamata mai karatu ya tuna cewa da hannun kamfanin a binciken.

A watan Satumbar 2024, gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa kamfanonin, daga watan Yulin 2026, su buɗe layin waya na musamman domin masu aikin gaggawa, su sa na'urar da ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana zai yi magana da ma'aikacin kamfani daga jikin motar, su kuma janye motocinsu daga duk unguwar da aka umarce su. Wannan gyara ne mai amfani, amma ya zo bayan an riga an saki motocin a kan titi. Har yanzu kuma ikon ba da izini yana hannun hukumomin jiha, ta yadda birnin da ke biyan albashin 'yan kwana-kwana, wanda kuma ya san lungunan da motar asibiti ke bi, ba shi da ƙuri'a a kan yawan motocin da za su shiga titunansa.