Jajayen Sinanci

Tun da na fara koyon Sinanci, kalmomin launin ja ne suka fi kama mini zuciya. Hong shi ne jan yau da kullum, na ambulan kuɗin sabuwar shekara da kayan amarya. Chi tsohuwar kalma ce, jan wuta. Jiang ya fi duhu.

Ni dai zhu na fi so, wallahi. Jan ma'adinin zhusha ne, mai haske, kuma da irin tawadarsa sarakunan daular Qing ta ƙasar Sin ke rubuta umarni a kan takardun da gwamnoni suka aiko fada. Ƙofofin manyan gidaje ma shi ake shafa musu. Fei kuwa, shi ma wani ja ne; a zamanin daular Tang, jami'ai masu daraja ta 4 da ta 5 ne ke sa rigarsa.