Rumfar da ta zama tafki

Daren Talata.

Ruwa ya kwana yana zuba jiya, irin mai nacin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Da gari ya waye na fito in zaga motar zangonmu, wato motar nan mai kama da gida da muke kwana a cikinta in mun yi tafiya, sai na ga rumfar da ke saman ɗakin turawa ta sauke ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Ga wanda bai san irin motar ba, ɗakin turawa shi ne ɓangaren falon da ake danna maɓalli ya fito waje idan an yada zango, a mayar da shi idan za a hau hanya. Rumfar kuwa yadin roba ne da aka naɗe a jikin bututu mai sifirin a ciki. Ɗakin na fitowa tana warwarewa, yana komawa tana naɗe kanta. Aikinta ta tare ganye da ƙiraruwa da ruwa kada su taru a rufin ɗakin, amma yau ita da kanta ta yi musu masauki.

Wautar farko tawa ce. Na jingina tsani, na zura sandar tsintsiya a ƙarƙashin yadin na ɗaga. Ruwan bai bi ta inda na so ba, ta kaina ya biyo, mai sanyin gaske, har da ruɓaɓɓen ganye. Uwargida na leƙe ta taga, dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Baban yara, ai da ka ce wanka kake so da na ɗora maka na zafi."

Bayan na canza kaya na zauna na yi lissafi, kuma lissafin ne ya tayar mini da hankali. Rumfarmu ta kai mita 3 a tsawo, mita 1 a faɗi. Ruwan sama na milimita 10 yana sauke lita 10 a kowace murabba'in mita, wato lita 30 ke nan a kan rumfar, kuma kowace lita kilo 1 ce. Ba duka ke tsayawa ba, amma ko rabi ne ya kwanta, kilo 15 ne a kan yadin da ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Abin haushin, nauyin yana miƙar da yadin, yadin da ya miƙe ya ƙara zurfi, zurfin ya ƙara tara ruwa. Tun farko ma gangaren rumfar kaɗan ne, don bakinta na jikin mota bai ɗara na waje da wani abin kirki ba. Ni kuma shekaranjiya na ɓata lokaci ina daidaita motar da jak har ta zauna cif, saboda firjinmu mai aiki da gas ba ya son karkata. Ina ta alfahari da aikina, ashe faranti na shirya wa ruwa.

Wajen hantsi wani dattijo da ya yada zango kusa da mu ya zo ya tsaya yana kallon rumfar, hannu a baya. Na ce, "Baba, ko in ƙara wa sifirin ɗin ƙarfi ne?" Ya ce ana yi, amma wanda bai taɓa ba ya bar wa makaniki, don sifirin ɗin a murɗe yake, in ya kuɓuce yana iya karya yatsa. Ya kuma ja mini kunne kan mayar da ɗakin ciki da ruwa a sama: a danna kaɗan, a tsaya ruwan ya zube ta gefe, a sake dannawa. In aka yi gaggawa, ruwan zai kwarara kan rufin ɗakin, wani ya ratsa ta robar da ke toshe bakin, a tsince shi a kan kujera.

Dabarar da ya nuna mini ta ba ni dariya don sauƙinta. Ƙwallon roba na yara, wanda ake hurawa da baki, muka hura rabi, muka tura shi tsakanin yadin da rufin har tsakiya. Nan take rumfar ta yi tozo. Autarmu ta ɓata rai don ƙwallonta ne, sai da na yi alkawarin wani. Na ɗaura masa igiya don janyowa, na kuma manna takarda a kan maɓallin na rubuta "cire ƙwallo tukuna", don na san halina. Rana ba ta fito ba, yadin bai bushe ba, kuma naɗe shi a jiƙe fumfuna yake jawowa, saboda haka tafiyar gobe sai mun ga yadda gari ya waye.

Ƙarfe 9 ruwa ya dawo. Na fita da tocila na haska sama: yana gangarowa ta gefe biyu na tozon, yana zuba ƙasa. Can ɓangaren baya akwai ɗan kwarin da har yanzu yake riƙe ruwa kaɗan, da alama sai an nemo ƙwallo na biyu.