Shuɗiyar Kwat a Jikin Manoman Lexington

Ƙunshin da na daɗe ina jira ya iso yau bayan azahar. Sojojin wasa ne na dalma guda 12 masu tsayin milimita 54, girman da kamfanin Britains na Ingila ya yi suna da shi tun da ya fara zuba su da rami a ciki a 1893. Ko bakin bindiga ɗaya bai lanƙwashe a hanya ba, kuma don murna har abincin da uwargida ta ajiye mini ya huce.

Murnar ta fara raguwa ne da na jera su a kan kanta. Mai sayarwa ya rubuta cewa mayaƙan sa-kai ne na Lexington, garin da aka fara yaƙin ƙwatar 'yancin Amurka daga Ingila, amma wanda ya yi musu fenti ya sanya wa kowannensu shuɗiyar kwat iri ɗaya, sai ka ce daga bariki aka fito da su.

Ina cikin kallonsu Yaya ya shigo, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Yau kam ka sayi sojoji na gaske." Na ce, "Yaya, ai abin da ke damuna ke nan." Na bayyana masa cewa mutanen da suka tsaya a dandalin garin Lexington da asubahin 19 ga Afrilu, 1775 ba su kai 80 ba, kuma manoma ne da masu sana'ar hannu waɗanda kowannensu ya fito da tufafinsa na yau da kullum, alhali sojojin Ingila kusan 700 suna tafe da jan kaki za su wuce garin Concord su ƙwace makamai da albarushi. Shi kuwa shuɗin nan, sai a 1779 George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ya ba da umarnin ya zama launin kayan rundunarsa.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya ya ce, "To, wa zai kashe kuɗinsa ya sayi ɗan banga da rigar noma ya ajiye a falo? Kaki ne ke sa a ga mutum a san soja ne." Ban ba shi amsa ba, domin ta fuskar kasuwa ya fi ni gaskiya, kuma na tabbata mai fentin ma haka ya lissafa.

Amma maganar ta tsaya mini a rai har bayan isha'i. Mutum takwas aka kashe a dandalin nan. Shugaban mayaƙan sa-kan, Kyaftin John Parker, ya fito ne yana fama da tarin fuka, kuma bai wuce watan Satumba na shekarar ba ya mutu. A cikin waɗanda aka raunata akwai Prince Estabrook, baƙar fata wanda a lokacin bawa ne. Na bi fuskokin nan 12 ɗaya bayan ɗaya, duk launinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya, babu dattijo, babu mai ciwo, babu Estabrook.

Uwargida ta ce in goge fentin in sake wani, tunda ga buroshi ga lokaci. Na nuna mata cewa maɓallan kwat ɗin da ɗinkinta a jikin dalmar aka zuba su, saboda haka ko na mayar da ita ruwan ƙasa, kwat ɗin soja ce dai. Na rubuta wa mai sayarwa ina tambaya ko yana da waɗanda aka zuba da kayan gida, ko da marasa fenti ne.